Gidan gwajin kan jirgi a kan teburi: zai yi armashi ko ɓata fili ne?

Malam ka tambaya wai ko ya dace mutum ya gina wurin gwajin kan jirgi a cikin ƙananan jiragensa na teburi, tunda filin da kake da shi bai wuce mita ɗaya da rabi ba kuma kawunan jirgi da ka tara sun fi taragu yawa, sannan kana tsoron kar abin ya ƙare a gini rufaffe wanda ba abin kallo a ciki. Toh gaskiya ni ina goyon bayan ka yi, ƙwarai ma kuwa, don a duk harkar jirgin ƙasa wannan ne kaɗai wurin da kan jirgi ke sakin gudu iya ƙarfinsa alhali bai gusa ko taku ɗaya ba, kaga kenan mai ƙaramin fili ya samu abin da yake nema ba tare da ya yi wa gaskiyar aikin ƙarya ba. Amma akwai inda ake yawan kuskurewa, kuma kusan duka a wurin rola ne da sandar da ke riƙe kan, saboda haka a nan zan fi daɗewa.

Da farko ka san abin da kake kwaikwaya. Gidan gwaji doguwar rumfa ce mai rami a tsakiya, a cikin ramin akwai manyan tayoyin ƙarfe wato rola, ana jera su daidai tazarar tayoyin kan da za a gwada, sai a ɗora kan a kansu, a ɗaure bayansa da sanda zuwa ma'aunin ƙarfin ja wanda aka kafe da ginshiƙi cikin kankare. Kamar dai injin gudu na gidan motsa jiki, mutum na ta zuba gudu amma yana nan inda yake. Kowace rola tana da birki a gefen sandarta, birkin shi ne yake zama a madadin nauyin taragu da hawan tudu. Direba ya buɗe tururi, mai zuba kwal ya kama shebur, a tsaya a gudu ɗaya ba ƙari ba ragi na awa ɗaya ko biyu, ana auna kwal ɗin da ya ci, ruwan da ya sha, zafin tururi, hayaƙin da ke fita har da tokar da ta rage. A kan layi ba za ka taɓa samun haka ba, yau iska gobe ruwan sama, ga sigina ta tsayar da kai ana tsakiyar awo, shi ya sa injiniyoyi suka dage sai an gina irin waɗannan wurare duk da tsadarsu.

Wanda ya fara gwada dabarar injiniya ne ɗan Rasha, Aleksandr Borodin, a Kiev wajen 1882, amma nasa bel ya ɗaura wa tayar kan tana juya injinan bita, wato wurin gyaran jirage. Gidan gwaji na sosai mai rola a Jami'ar Purdue ta jihar Indiana a Amurka aka fara shi a 1891, ƙarƙashin Farfesa Goss, da wani kai mai suna Schenectady, gobara ta cinye ginin a 1894 aka sake ginawa. Kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ya kai nasa baje kolin duniya na St. Louis a 1904 ana gwada kawuna a gaban 'yan kallo, bayan an tashi daga bajen aka kwance shi aka kai Altoona, a can ne daga baya aka auna ƙaton kan nan Q2 ya ba da ƙarfin doki 7,987 a cikin silinda. Ka lura da wannan na St. Louis ɗin, don in kana neman hujjar sa mutane tsaye a bayan shinge suna kallo toh ga ta nan, ya faru. A Ingila Churchward, babban injiniyan kamfanin jirgin ƙasa na Great Western, ya yi na Swindon a 1904, da farko ba ya iya shanye ƙarfi mai yawa sai da aka sake masa fasali a 1936. Faransa ta buɗe na Vitry kusa da Faris a 1933, kuma saboda Ingila ba ta da kamarsa a lokacin, Gresley, babban injiniyan kamfanin jirgin ƙasa na LNER, ya tura sabon kan jirginsa Cock o' the North har can a ƙarshen 1934. Tafiyar ba ta yi daɗi ba, mazaunin sandunan tayoyinsa suka riƙa ɗaukar zafi a kan rola alhali a kan layi lafiya lau yake tafiya. Shi Gresley ɗin ne ya yi ta kiran a gina na ƙasa, kamfanonin LNER da LMS suka haɗa hannu suka fara na Rugby, yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin, ba a buɗe ba sai Oktoban 1948, shi kuwa ya rasu tun 1941, Allah bai nufa ya gani ba. Ranar buɗewa kan da ke ɗauke da sunansa, 60007, shi aka ɗora a kan rola. Gwajin tururi na ƙarshe a can a 1959 aka yi da kan jirgin kaya samfurin 9F mai lamba 92250, aka rushe ginin a 1984.

In ka tambaye ni wanne za ka ɗauka, Rugby zan ce in kana ma'aunin OO, Altoona in kana HO, wato 1:87, da kayan Amurka. Dalili kawai hotuna da bayanai sun fi yawa, takardun Rugby ma suna ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na York. Babban zauren Rugby tsayinsa wajen mita 50 ne, a OO wato 1:76 bai kai santimita 70 ba, kaga ya shiga filinka har da ragowar wurin layin shigowa da rumfar shiri da ke manne da shi. Ba sai ka matse ginin ko ka yanke masa wani sashe ba, abin da da wuya ka samu in tasha ko babbar bita kake kwaikwaya.

Yanzu rola. Waɗanda ake sayarwa na gwajin ƙananan jirage, irin na Bachrus ko KPF Zeller ko Hornby, kowace taya tana zama ne a tsakanin ƙananan boris guda biyu, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye a ciki, sun tallafe ta gaba da baya, shi ya sa kan ba ya zamewa ko ba a ɗaure shi ba. Suna aiki lafiya kuma in sauƙi kake so ka saya ka binne su cikin rami ka rufe gefensu da faranti mai zanen ƙarfen bene, ba wanda zai zage ka. Amma na gaske ba haka yake ba, rola ɗaya ce babba a ƙarƙashin kowace taya, tayar tana tsaye cak a ƙololuwarta, kuma ba abin da ya hana kan faɗowa gaba ko baya sai sandar nan ta baya. Wannan shi ne duk kyan abin a ido, taya babba a sama wata babba a ƙasa suna juyawa suna fuskantar juna, in ka ɓoye shi ka zubar da rabin abin da ya sa ka fara aikin. Har a na gasken ma matsala ce, don in sandar tayar ta gota gaba kaɗan daga tsakiyar rola nauyin kan zai ƙaru a kan awon ja ya ba da lissafin ƙarya, shi ya sa ma'aunin Amsler na Rugby yake da wata na'ura da aikinta kawai ta riƙa mayar da kan daidai ƙololuwa.

Yadda nake yi, boris na injin yau da kullum nake amfani da shi a matsayin rolar kanta. Mai lamba 688 faɗinsa na waje milimita 16 ne, ramin ciki 8, kauri 5, mai lamba 626 kuma 19 ne a waje. A HO milimita 16 ta yi daidai da mita 1.4 na gaske, 19 kuma wajen mita 1.65, duka biyun suna cikin girman da ido zai yarda da shi. Abin da za ka fara dubawa shi ne tazarar sandunan tayoyin kan da ya fi matsatsi a cikin naka, rolar dole ta fi wannan tazarar ƙanƙanta in ba haka ba za su gogi juna. Misali 9F a OO tazarar ba ta kai milimita 22 ba, 19 za ta shiga amma da ƙyar, 16 ta fi ba ka sarari. Ka zura boris biyu a sandar roba mai tauri, kar ka sa ta ƙarfe don za ta haɗe wutar dama da hagu, ka bar milimita 16.5 cif tsakanin fuskokinsu na ciki kamar yadda dogo yake, leɓen tayar kan zai sauka a tsakani ya hana shi zamewa gefe. Kowane biyu ka ɗora su a kan ɗan mazauni nasu da ke zamewa a cikin kwaroro biyu na alminiyam, da sukuru ɗaya na ɗaurewa daga ƙasa, haka na gaske yake, ana turo mazaunan ne gaba ko baya duk lokacin da aka kawo wani kai daban. Ka yi guda biyar in kana da kai mai sandunan ja biyar, Rugby an yi mata wurin bakwai. Tayoyin gaba da na baya waɗanda ba sa ja kuwa ba su buƙatar rola, guntun dogo a kan ɗan dakali ya ishe su.

   Dole ka sa sandar baya, ta tagulla mai zare da noti biyu don ka riƙa daidaita tsayinta, kuma kar ka yi ta da sarƙa ko waya mai lanƙwasa, dole ta iya riƙe ja da turi duka. In ka tsugunna ka kawo idonka daidai bakin ramin kana ƙara wuta a hankali, za ka ga kan ya fara ɗan rawa gaba da baya duk zagaye ɗaya, ɗan notin nan na karkarwa, sandunan gefe suna walƙiya, kar hankalinka ya tashi in dai leɓen bai hau kan boris ba. Na gaske ma sun sha fama da wannan, kai mai silinda biyu nauyin fistin da sandunansa yana jijjiga shi gaba da baya, a Rugby sai da aka jera fayafayan sifirin a cikin sandar ja don su shanye jijjigar. In taka ta yi yawa ka sa ɗan guntun roba mai laushi tsakanin notin da ginshiƙi.

Maganar wuta kuma, kar ka dogara da ita ta bi ta cikin ƙwallayen boris, giris ɗin ciki yana tare ta, kuma tartsatsin da ke tashi yana cin ƙarfen a hankali har boris ɗin ya fara ƙara. Ka yanko siririn falle na tagulla mai tsalle ka jingina shi da bayan rolar daga ƙasa inda ba a gani, ka yi masa soda da waya, rola biyu ko uku kowane gefe. In dikodarka, wato ƙaramar na'urar lantarki da ke sarrafa moto da sautin kan, tana karɓar kafasito na riƙe wuta ka sa mata.

Sai batun taragon kwal da ruwa, wanda mutane ba sa tunawa da shi sai sun gama gini. A manyan gidajen gwaji cire shi ake yi, a bayan kan akwai dandamali ne inda mai zuba kwal ke tsayawa, kwal yana zuwa masa a aune, ruwa kuma ta bututu daga tankunan awo. Matsalar ita ce ƙananan kawuna da yawa dikoda da lasifika a cikin taragon nan suke, in ka cire shi kan ya mutu. Mafita biyu ce, ko ka bar shi a manne ka ce haka naka gidan yake, ko kuma ka ɓoye wata dikodar da lasifika a ƙarƙashin dandamalin ka jawo filogin da zai shiga na kan, wayoyin ma sai su yi kama da bututun ruwa in ka shafa musu baƙin fenti. Ni na biyun na fi so don lasifikar da za ka iya ɓoyewa a ƙarƙashin bene ta ninka ta cikin tarago girma, sautin yana fitowa da kauri. Amma akwai kawunan da sam ba za su yi ba, tsofaffin nan da motonsu ke cikin tarago yana turo kan daga baya, Hornby da Fleischmann sun yi su da yawa a da, in ka ɗora irinsu a rola tayoyin kan ko motsi ba za su yi ba. Ka juya kowanne ka duba cikinsa kafin ka yanke katako. Masu robar ja a taya suna yi, sai dai suna ɗan tsalle in robar ta tsufa.

Game da gudu, akwai abu ɗaya mai daɗi, zagayen taya a minti ba ya canzawa da ma'auni. Kai mai taya inci 80 in yana mil 100 a awa tayarsa tana zagaye 420 a minti, wato bakwai a daƙiƙa, naka ƙaramin ma bakwai ɗin zai yi in kana son gudun ya yi daidai. Saboda haka kar ka murɗe wuta har ƙarshe kana ganin shi ne gwaji, yawancin gwaje-gwajen a matsakaicin gudu ake yin su a daɗe a kai, kuma ido ya fi jin daɗin inda yake iya bin motsin sanduna. Sauti kuma ka daidaita shi da taya, fitar tururi huɗu a zagaye ɗaya ga mai silinda biyu, shida ga mai uku, a kan layi ba mai lura amma a nan kan yana tsaye a gaban hancin mai kallo, kuskuren zai fito fili. Sannan tunda rola ba ta da nauyi dikoda za ta ɗauka kan yana tafiya ne fayau sai ta sassauta sauti, alhali kai kana son a ji yana nishi, toh ka nemi maɓallin nauyi ko na riƙe gudu a dikodar, LokSound na ESU suna da shi, ka kunna. Hayaƙi in kana so injin hayaƙi na Seuthe yana yi, amma man yana sauka a kan rola ya kawo santsi da datti, ni na fi son a sa shi a bututun rufin gini maimakon cikin kan, hayaƙin ya fita ta sama daga waje.

In kana da hannu a lantarki za ka iya mayar da abin ma'auni na gaske, kuma wallahi a nan ne yake daina zama ado. Ɗan maganaɗisu ko farin ɗigo a gefen rola ɗaya da na'urar ƙirga zagaye a kan ɗan allon kwamfuta na Arduino, rola mai milimita 16 kewayenta 50.3 ne, a HO kilomita 100 a awa ya kama zagaye 381 a minti, sauran lissafi ne. Sandar baya kuma ka ɗaure ta da ƙaramin ma'aunin nauyi na lantarki irin mai aiki da HX711, sai ka ga ƙarfin ja da giram a ɗan allo da ka ɓoye a tagar ɗakin awo. Amma sai ka yi wa rola birki kafin ka ga wani abin kirki, ɗan ƙyalle mai kauri da sukuru ke matsawa a ƙasanta ya isa. Ka matsa a hankali kana kallon ma'aunin wuta, kuma ko yaushe ka bar tayar ta iya sulɓewa, in ka danne har moto ya tsaya da wuta a jikinsa ƙonewa zai yi. Galibi ƙaramin kai yana jan kamar kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke kan tayoyin jansa. Kaga yanzu kana da wurin sassauta sabon kai kafin ya hau layi, da wurin daidaita CV2 da CV5 da CV6, wato saitin gudun farawa da na ƙarshe da na tsakiya a dikoda, don kawuna biyu su yi gudu ɗaya, duk a cikin ginin da ke ba da sha'awa.

Tsoron da ka ambata na gini rufaffe gaskiya ne, kuma maganinsa kar ka yi rufin da ake ɗagawa kawai, don daga sama bayan tukunya kaɗai za a gani. Ka cire bangon da ke fuskantar mai kallo gaba ɗaya, ka bar ginshiƙan ƙarfe, ka yanke benen ma ta gaba yadda za a ga cikin ramin, sannan ka ɗora teburin ya kai kusan tsayin ido. Fitila fara mai ɗan ja-ja a rufi, wasu ƙanana biyu a cikin rami suna haska rola daga ƙasa. Abubuwan da dole a gani a ciki ba su da yawa amma kowanne yana da dalili: birkunan ruwa a gefen kowace rola, na Rugby ƙirar Heenan da Froude ne, gangunan ƙarfe masu kauri da bututu ke shiga yana fita, domin duk ƙarfin da kan ya fitar zafi yake komawa a cikin ruwan, doki 2,000 kusan megawat ɗaya da rabi kenan, saboda haka a waje dole a ga tanki ko wurin sanyaya ruwa. Sai murfin hayaƙi da ke sauka daga rufi a kan bututun kan, wanda ake matsar da shi don kowane kai da inda bututunsa yake. Sai injin ɗaga kaya a sama, da ɗakin awo mai tagar gilashi a ɗan bisa inda masu farar riga suke, an toshe shi saboda ƙara. Shi kansa kan da ake gwadawa a lulluɓe yake da siraran bututu da wayoyi daga akwatin hayaƙi da silinda zuwa bango, waya mai kaurin milimita 0.3 ta isa, kuma wannan ƙaramin abu shi yake bambanta gidan gwaji da rumfar gyara a idon wanda ya sani. Bene ka bar shi da tsabta fiye da na bita, ɗakin bincike ne.

Shigar da kan fa? A na gaske akwai dogayen ƙarafa masu kwari a gefen ciki na rola, kan yana shigowa a kan leɓen tayoyinsa, in ya daidaita sai a sauke ƙarafan ya zauna a rola. Ana iya yin haka a ƙarami da ƙananan moto biyu irin servo amma aiki ne na mai haƙuri, kuma ban ba ka shawarar ka fara da shi ba. Ka ɗora da hannu kafin a fara kallo, zirga-zirgar kuma ka bar ta a waje, ɗan kan shantin, wato mai jera taragu, yana kawo taragon kwal, yana fitar da na toka, yana jawo kai na gaba zuwa rumfar shiri a cire masa tarago. Wannan ya isa ya hana ka gajiya da abin, don maganar gaskiya kallon taya tana juyawa kaɗai ba zai riƙe ka wata da watanni ba.

Kuma ka ajiye layi ɗaya na taragon awo, wanda ake saƙalawa tsakanin kai da taragu in za a tabbatar da sakamakon a kan hanya. Wanda ya fi suna shi ne na 1906 da ya rubuta gudun kan jirgin Mallard na mil 126 a awa ranar 3 ga Yulin 1938, yana York yanzu, kuma kamfanin Rapido sun yi ƙaraminsa a OO. Kan da zai fita irin wannan gwaji sau da yawa ana kafa masa wata 'yar bukkar katako a gaba kusa da silinda, mai ƙananan tagogi, mutane na tsugune a ciki suna ɗaukar awon tururi jirgi na gudu, da falle-fallen roba za ka haɗa ta cikin yamma ɗaya kuma duk wanda ya gani sai ya tambaya mene ne wannan.

In kuma dizal ne kayanka abin ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Kan dizal mai janareto ba ya buƙatar rola don a gwada injinsa, ana cire wutar daga motocin taya ne a jona ta da manyan wayoyi zuwa akwatin rizisto mai fanka, a tura injin har matakin ƙarshe yana ruri tayoyi na tsaye, wasu kawunan ma suna iya yi da rizistocin birkinsu na kansu. Guntun layi, akwati mai raga, wayoyi huɗu masu kauri a ƙasa, mutum biyu da abin toshe kunne, da dikodar da ke barin ka ɗaga injin ba tare da kan ya motsa ba, shi kenan, santimita 40 ta ɗauke shi.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wato da'irar gwaji, ko da yake ba ita ka tambaya ba amma ta shafi tarin kawunanka na ƙasashe daban-daban. Shcherbinka kusa da Masko tun 1932 take, kilomita 6. Velim a ƙasar Cek an buɗe ta a 1963, babbar da'irar ta haura kilomita 13 kuma ana iya sauya wutar waya zuwa manyan tsare-tsaren Turai huɗu, shi ya sa za ka ga sabon jirgin wata ƙasa yana zagaye a can tun kafin ya taka ƙasarsu. Siemens suna da tasu a Wildenrath ta Jamus tun 1997 a tsohon sansanin jiragen sama, Amurka kuma Pueblo a Colorado tun 1971, inda wani jirgin kaya mai nauyin gaske ya yi shekaru yana kwana yana zagaya da'irar mil 2.7 don a ga yadda dogo da gada ke lalacewa. Girman gaske ba zai yiwu ba, Velim a HO sai ka nemi layi mai tsayin mita 150 da ɗoriya, amma wanda ke da da'irar nan ta farawa yana jin nauyin jirginsa na wucewa wuri ɗaya sau ɗari, toh a irin wannan wuri aikin kenan, sai ka sa fili shimfiɗaɗɗe ba gari ba tasha, akwatunan awo a gefen layi, da wayoyi manne a jikin tarago.

Kai da ke da mita ɗaya da rabi dai ka tsaya a gidan rola. Kafin ka sayi bulo ko fenti ka fara haɗa ramin kaɗai a kan guntun katako, kwaroron alminiyam, mazaunai, sanda da ginshiƙi, ka ɗora duk kawunan da kake son gani a kai ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, kowanne ya yi kamar rabin awa, kana taɓa jikin moton lokaci-lokaci ka ji zafi. Ka rubuta tazarar rola ta kowane kai a kati, ko ma ka yanka ɗan ma'auni na roba mai tsaga ga kowanne don sauyawa ta zama ta minti biyu. Zurfin ramin da tsayin ginshiƙin baya daga wannan gwajin za su fito, daga nan ne za ka san inda bene zai zauna, sannan ka auna bango a kansa. In ka turo min jerin kawunan da kake da su da ma'auninsu zan gaya maka wane boris zai ɗauke su duka da waɗanda sai dai su tsaya a rumfar shiri.